Farar Shinkafa daga Surat

Haɗejia, Safar 1285

Da sunan Allah Mai rahama. Daga Bunu ɗan Usman zuwa ga ƙanensa Zarami, a garin da ya ce ana kira Surat, cikin ƙasar Hindu. Gaisuwa da aminci.

Bayan haka, ina nan da rai. Lafiya kuwa irin ta tsoho ce: gwiwa ta ƙi, idon hagu ya soma yana. Alhaji Tukur ya iso shekaranjiya, ya miƙo mini takardarka da wani gora da aka toshe bakinsa da kakin zuma. Ya ce a Makka wasu mutanen garinku suka ba shi.

Shekara goma sha biyar rabon da mu ji ɗuriyarka. Ka fita ka ce hajji za ka, shekara uku ka dawo. Iya ta yi ta ajiye maka bandar kifi duk kaka, har Allah ya karɓi ranta shekara tara da suka wuce. Matata Yakaka ta bi ta. Yanzu gidan daga ni sai 'yata Fanna, wadda ka bari tana wasan 'yar tsana. Ta yi aure, mijin ya mutu a yaƙi, ta dawo.

Ka ce ka tabbata yanzu ni ne alƙalin gari. Shekara goma sha ɗaya na yi a Kukawa ina durƙuso gaban malamai. Littattafan da na kwafo da hannuna sun ƙone shekarar da aka sa wa unguwarmu wuta. Limancin unguwa ma da ya faɗi, wani aka ba, wanda ni na gyara masa Fatiha. Yau laya nake rubuta wa masunta saboda kada da dorina, su sallame ni da tarwaɗa. Ga alƙalancin.

Ka cika rabin takarda da labarin Hindu kamar kana magana da jahili. Na san Hindu tun kana tsotson yatsa. Lambobin da muke hisabi da su nata ne. Takobin kirki a waƙen Larabawa nata ne. Tsamiyar ƙofar gidanmu ma, a littafi dabinon Hindu ake ce mata. Abin da littafi bai gaya mini ba shi ne tana haɗiye ƙannen mutane.

Na fasa kakin. Shanshera ce, shinkafa da ɓawonta, cikin toka, doguwa siririya. Na ɓare ƙwaya ɗaya, fara fat, ga ƙanshi. Ka ce irin gonar surukinka ce, kuma matarka ta ce duk ƙasar da shinkafar ubanta ta yarda ta tsira, ita ma ta yarda ta zauna. Ka ce in ta yi a fadamar Baba, za ka kwaso iyalinka ku taho gida. Na riƙe ka da wannan.

Sannan ka ce kada in yi gaggawa, in jira takarda ta biyu. Na gane. Mutumin da ya ce uku ya yi sha biyar, in ya ce a jira, ya san abin da yake nufi. Ni ba ni da shekarun jira. Kuma ɗan Haɗejia ba a koya masa noman shinkafa daga bayan teku.

Hadari ya soma haɗuwa. Ruwan farko na sauka zan watsa ta a Kwarin Baba, inda ambaliya take shanye mutum a tsaye, inda tamu ja take yin kai har ya rinjaye ta. Baƙuwa ce, wuri mafi kyau zan ba ta. Fanna ta ce, "Baba, a raba ta biyu mana, ƙila Baffa yana da dalili." Na ce ta kula da tukunyarta.

Ka soma ɗaure kaya. Wassalam.

Surat, Rabi'ul Awwal 1284

Zuwa ga Yaya Malam Bunu, daga ƙanenka Zarami. Gaisuwa mai yawa da ladabi. Ina gaida Iya, ina neman gafararta. Ina gaida Yakaka da kowa da kowa.

Muna lafiya. Wata huɗu ke nan da na aika maka da gora ta hannun alhazai. Wannan ita ce takarda ta biyu da na ce ka jira. Jirage ba sa tashi da damina, ban san yaushe za ta same ka ba, shi ya sa na roƙe ka haƙuri.

Ban gaya maka ba, ɗana na fari sunanka na sa masa. Bakina ba ya iya kiransa, Malam Ƙarami muke ce masa. Shekararsa biyar, kuma in ya ce a'a, to a'a ɗin ce.

Yaya, Hindu ba gari ɗaya ba ce. Ka yi tafiyar kwana uku, harshe ya sake, miya ta sake, naɗin rawani ya sake. A layin da nake gadin rumbun wani mai tufafi, akwai masallaci, akwai ɗakin gumaka, akwai gidan wasu mutane da kakanninsu suka zo daga Farisa da wuta, har yau ba su bar ta ta mutu ba. Akwai 'yan kasuwa da ake kira Baniya, ba sa cin nama ko na tantabara. Saniya takan shiga kasuwa ta ci ganye a faifan mai talla, ba mai ɗaga mata sanda. Wasu ma ƙyalle suke ɗaurewa a baki, suna share hanya kafin su taka, kada su kashe tururuwa. Sun gina gida guda don jinyar tsuntsaye da tsofaffin shanu. Na shiga da ƙafata na gani. Suna da sallar da ake jera fitilu a kan kowace katanga, da wata da ake watsa wa juna garin rini. Farar rigata ɗaya a nan ta ƙare.

Wani abin kuma sai ka ce gida. Suna da marina, baba suke jiƙawa kamar namu. Suna tauna wani ganye da ke jan baki kamar goro, in baƙo ya zo shi ake fara miƙa masa. Amma akwai wanda in inuwata ta faɗa kan abincinsa sai ya zubar. Ban saba da wannan ba har yau. Kuma ba wanda zan yi Hausa ko Barbarci da shi. Nakan je bakin koginsu in yi ta magana ni kaɗai don kada harshe ya gudu. Ran nan na nemi sunan ƙaramin kifin nan mai ƙaya da muke kamawa a bayan gari, na rasa.

Ga maganar shinkafa. Na je ƙauyen surukina na ga aikin da idona. Ba a watsa ta. A ɗan fili ake yayyafa ta, in ta kai taƙi guda a cire a dasa, kamar yadda danginmu na Barno suke yi wa dawarsu ta masakwa. A yi mata fangali mai baki, ruwa ya tsaya a ƙwauri, kada ya wuce. Ba ta bin ruwa ta yi tsawo kamar tamu. Da na gaya wa surukina cewa tamu tana tashi tare da ambaliya har a yanke ta daga cikin kwalekwale, dariya ya yi, ya ce duk matafiyi haka yake.

Don Allah, Yaya, kada ka sa ta a Kwarin Baba. Na san ka, can ranka zai fara zuwa. Ka kai ta gefen jigawa, wajen giginyun nan biyu, inda ruwa yake leƙowa ya koma.

Ƙanenka mai begen gida.

Haɗejia, Zulƙida 1285

Daga Bunu zuwa ga Zarami. Sallama.

Ina nan. Fanna tana nan. Takardarka ta biyu ta iso jiya, wata biyar bayan an gama komai.

Na watsa ta a Kwarin Baba kamar yadda na rubuta maka. Rabi ya fito. Ganyenta ya fi na tamu haske, tsaye cak kamar an jera allurai. Kullum da hantsi sai in ja gwiwata in je in tsaya a kanta. Maƙwabcinmu Ɗanladi masunci yakan wuce da komarsa ta kamun kifi ya ce, "Malam, yaya gimbiya? Ta kwana lafiya?" In ce masa ya wuce, warin kifinsa zai dame ta.

Sai kogi ya kawo. Ka san yadda yake zuwa, ba hayaniya, yau a idon sawu, jibi a gwiwa. Jar shinkafar mutane ta miƙa wuya ta bi shi. Taka ta tsaya inda take. Kwana uku ina hango bakin ganyenta a kan ruwa. Rana ta huɗu ruwa ne kawai, da sama a cikinsa.

Na sa Ɗanladi ya kai ni a kwalekwale. Na zura hannu har kafaɗa, na damƙo, na ɗago. Ta yi baƙi, tana narkewa a yatsuna. Ɗanladi ya juya kwalekwalen, ya tuƙa har muka kusa gaci. Sannan ya ce, "Malam, ashe ba ta iya ruwa ba."

Yanzu ga takardarka tana gaya mini abin da Ɗanladi ya riga ya gaya mini kyauta. Wane irin mutum ne yake aiko iri bana, ya aiko bayaninsa baɗi? Goran nan ba shi da wurin da za a cusa takarda? Kana da lokacin zuwa duba marasa lafiyar tsuntsaye, ba ka da lokacin tambayar surukinka kafin jirgi ya tashi. Kana gaida Iya. Je ka gaishe ta, tana gabas da gari ƙarƙashin aduwa.

Duk unguwa ta san na ce ƙanena yana tafe. Har limamin nan ya tare ni a ƙofar masallaci yana tambaya, da murmushinsa, ko baƙin Hindu sun kusa.

Kada ka sake aiko mini da iri. Kada ka ɗaure kaya saboda ni. Zauna inda kake, wurin mutanen da suke tausayin tururuwa. Na faɗa, ba na son a sake tayar da maganar.

Haɗejia, Sha'aban 1286

Daga Bunu zuwa ga ƙanensa Zarami. Gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyalinka, da mai sunana.

Ni dai da sauƙi. Karanta wannan a zaune.

Kwana uku bayan ayarin da ya ɗauki takardata ya tashi, Fanna ta same ni a zaure. Ta ce, "Baba, in na nuna maka abu za ka yi faɗa?" Na ce zan yi. Ta ce, "To yi, ga shi." Ta kwance wani tsumma da ya sha hayaƙi. Kawunan shinkafa ne, ɗauri guda, farare.

Ashe ran da zan watsa irin ta ɗebi cikin tafin hannu ta ɓoye. Ta zuba a bayan madafa inda ruwan wanke-wanke yake kwanciya, ta kare da fasassun tukwane saboda kaji. A nan ta girma, ta yi kai, ni ina can ina gadin ruwa. Na ce, "Don me ba ki faɗa ba?" Ta ce, "Ai cewa ka yi in kula da tukunyata." Na ɗaga murya, ta ce, "Kai ma ba ka karanta mini abin da Baffa ya rubuto ba. Na ji dai kana ta zagin tsuntsaye."

Na karanta mata. Da damina ta faɗi muka yi yadda ka ce, a gindin giginyun nan biyu. Ni da kaina na naɗe wando na shiga taɓo, ina dasawa ɗaya bayan ɗaya, gwiwa tana kuka. Ɗanladi ya tsaya yana kallo, ya ce, "Karatun Kukawa ya ƙare a dashen albasa!" Bai tafi ba sai da ya ɗaga mana bakin fangali.

Ta yi, Zarami. Jiya muka yanke. Masaki uku cur. Ban bari an dafa ko ƙwaya ba, duk iri ne, sai abin da za a tarbe ku da shi. Ka gaya wa matarka shinkafar ubanta ta yarda.

Na sa an sake ɗakin Iya, an yi masa sabon jinka, an ja danga ta gefe don iyalinka su sake.

Takardar da na aiko a Zulƙida ta tsoho ce da ransa ya ɓaci. Ka san bakina tun muna yara. Ban iya ba da haƙuri ba, ba ya cikin abin da aka karantar da mu. Ka taho. In ka tashi bayan wannan ta same ka, za ka iske ni, in Allah ya so. Idon dama yana nan garau, da shi zan gane ka.

Surat, Shawwal 1287

Zuwa ga Yaya Malam, daga Zarami. Gaisuwa da biyayya.

Jikinmu lafiya. Takardunka biyu sun zo, ta Safar da ta Zulƙida, wata goma tsakanin isowarsu.

Ta farko ce ta gaya mini rasuwar Iya da Yakaka. Na yi musu sadaka, limamin layinmu ya yi addu'a. Maƙwabcina Baniya, wanda ko ruwan randata ba ya sha, ya zo da wata alewar madara a ganye, ya zauna daga bakin ƙofa tun hantsi har azahar. Haka suke ta'aziyya.

Da na karanta cewa Kwarin Baba za ka sa ta, na san abin da zai faru. Ban ji haushi ba, laifina ne. Na cika wani goran, na yi magana da mai jirgin da ke kai alhazai Jidda. Na yi niyyar in kawo irin da hannuna, in dasa maka da kaina. Uwar yara ma ta sassauto.

Sai ta biyu ta zo. Na karanta ta sau uku, ko zan ga wata ƙofa a ciki. Yaya, tun rasuwar Baba kai ne uba. Sau ɗaya na taɓa tsallake maganarka, ran da ka ce in bar hajjin nan sai yaƙi ya lafa, ka ga inda ta kai ni. Ka ce in zauna, ka ce kada a sake tayar da maganar. Na kwance kayan.

Bayan wata guda ciwo ya kwantar da surukina. Ba shi da ɗa namiji. Ya sa aka kawo Alƙur'ani, ya ɗora hannuna a kai, ya ce in yi masa alkawarin ba zan ƙetare teku da 'yarsa ba, ba zan bar gonar ta mutu ba. Da takardarka ba ta zo ba, da na janye hannuna. Na rantse. Ya rasu ran Juma'a.

Yanzu ni manomi ne a ƙauyen da ba wanda ya iya faɗin sunana daidai. Da safe ina jin kiran salla daga yamma da ƙararrawar masu gumaka daga gabas, in ɗauki fartanya in bi tsakiya. Mutanen kirki ne. Ba nawa ba ne.

Ba na tayar da maganar, Yaya. Tambaya ce kawai: tsamiyar ƙofar gida tana 'ya'ya har yanzu? Malam Ƙarami yana tambaya ko kai ma kana da faɗa kamarsa. Na ce masa kai da dalili kake yi.

Ka yafe mini. Ka sa ni a addu'a.

Haɗejia, Shawwal 1289

Daga Bunu zuwa ga Zarami. Aminci ya tabbata gare ka da gidanka.

Ka ga rubutun ya yi manya. Idon daman ma ya soma bin ɗan'uwansa. Fanna lafiya, tana gaida Baffanta.

Takardarka ta zo cikin azumi. Shekara uku ina sa kunne duk sanda aka ce ayari ya sauka. Na san tawa ta Sha'aban ta same ka bayan ka riga ka ɗora hannu, na kuma san abin da ta yi maka. Kada ta hana ka sukuni.

Na san yadda ake warware rantsuwa. Babi ne guda, na haddace shi tun ina saurayi, har yau bai zube ba. Na ɗauki alƙalami zan rubuta maka shi, na ajiye. Mutumin da ka yi wa alkawari ba ya nan balle ya yafe. Kuma na gaji da ba ka umarni. Na ce kada ka tafi, ka tafi. Na ce ka zauna, ka zauna. Duka biyun ni suka ci.

Ka gaya wa mai sunana ba da dalili nake yi ba. Ya rage tun yana ƙarami.

Tsamiya tana 'ya'ya. Kifin da ka manta sunansa ƙurungu ne.

Shinkafarka ta bazu. Matan unguwa suna zuwa wurin Fanna roƙon iri, har daga garin Guri an aiko. 'Yar Zarami suke ce mata. Yara da ba su taɓa ganinka ba suna kiran sunanka a kasuwa. Bayan takardarka na ce a dafa. Ta yi laushi da yawa, ba ta riƙe ciki kamar tamu. Duk Juma'a nake sa a dafa mini.

Ga gora na ba ɗan Alhaji Tukur, shi yake jan ayarin yanzu. Jar shinkafar Kwarin Baba ce. Ka nemi wuri mafi zurfi a ƙauyenku, inda kowa ya ce ba ya nomuwa, ka watsa da ruwan farko, ka bar ta da ruwan. Ka tara mutanen garin su gani, tunda surukinka ya tafi yana ce maka maƙaryaci. Wannan takardar a cikin goran na cusa ta, tare za su iso.

Ɗakin da na gyara muku bai zauna banza ba. A ciki muke ajiye farar. Nakan buɗe ƙofar da rana in zauna a bakinta, ɗakin duk ƙanshi.

Wassalam.